Ƙafa Shida Tsakanina da 'Yar Fari

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwana tara ke nan da saukata ƙasar nan, sai yau na samu abin rubutu. Jikata Afnan ce ta ba ni littafinta na makaranta, sabo fil, da hoton kyanwa a bangonsa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a Funtuwa, ban taɓa zama na rubuta abin da ke raina ba. To yanzu ba ni da abokin magana. Muntaka suruki ne, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Afnan tana jin Hausa amma da Turanci take mayar mini. Ita kuwa yarinyar nan, to.

Yarinya na ce, alhali shekararta arba'in da biyu, tana koyar da lissafi a wata jami'a cikin Washington. Ita ce 'yata ta fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba a littafin kyanwa zan fara ba. Haka muka taso muka tarar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a rungumarsa, ba a nuna wa mutane an damu da shi. Tana shekara biyu aka yaye ta aka kai ta Bakori wurin Inna, uwar mijina, can ta girma. Ƙannenta shida suna ce mini Mama. Ita Malama take ce mini, kamar 'yan ajina.

Shekara biyu suna ce mini olsa ce. Olsa! Ni za a yi wa wayo. Ranar da ta buɗe mini ƙofa na ga wuyan hannunta, na san an daɗe ana yi mini ƙarya. Jiya Muntaka ya durƙusa a falo, kansa a ƙasa, ya yi mini bayani. Ƙari ne ya fara daga hanji, irin mai tafiya a hankali, ya bazu zuwa hanta. Yana da suna mai tsawo na Turanci. A gida ciwon daji za a ce. Na rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ya ce aikin tiyata ba zai yiwu ba yanzu. Akwai wani magani mai sinadarin nukiliya da ake sa mata ta jijiya, sau huɗu, wata biyu tsakani. Maganin yana bin jini yana neman abin, ya manne masa, ya ƙone shi daga ciki. An yi biyu kafin in zo. Gobe na uku.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ba irin kunyar da aka koya mini ba ce.

Mun isa asibiti da sassafe. Muntaka ya sauke mu ya tafi neman wurin ajiye mota. Muna shiga cikinta ya murɗa, ta miƙo mini jakarta ta yi banɗaki da sauri. Sai ga ni ni kaɗai gaban wata mata mai tabarau a bayan tebur. Ta yi murmushi ta ce sunan majinyaciya. Ni ina jin Turanci sarai, na koyar da shi. Na ce 'yata ce. Ta ce to, sunanta fa? Na buɗe baki. Wallahi kamar an zuba mini busasshen gari. Na sake cewa 'yata ce, ta fari. Matar ta cire tabarau ta dube ni, ta tambaya a hankali, yadda ake yi wa wanda tsufa ya taɓa wa kai: “Baiwar Allah, kin tabbata danginta ce ke?”

Sai na ji murya a bayana. Ashe ta dawo tana tsaye. Ta faɗi sunan da ƙarfi, ta bi harufansa shida ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi ranar haihuwarta. Ta karɓi jakarta daga hannuna ba ta dube ni ba.

Ranar haihuwar ai ni na fi kowa saninta. Talata ce ita ma, ana ruwa.

Ba a bar ni na shiga ɗakin ba. Na hango an shimfiɗa takarda a ƙasa har bakin banɗaki. Na ga wani ya turo ɗan akwati na dalma a kan amalanke, abu ƙarami amma mutum biyu ke kula da shi. Awa biyar muna zaune. Da za a sallame ta, wani saurayin ma'aikaci ya tsaya nesa da ita ya nuna mata wata na'ura. Na'urar ta kama ƙas, ƙas, ƙas-ƙas-ƙas, kamar gero a kasko. Ya rubuta wani abu ya ce madalla. Daga jikin 'yata ƙarar nan take fitowa, shi kuma yana cewa madalla.

A mota ita kaɗai ta zauna can baya.

Laraba, 16 ga Oktoba, hantsi

An ba mu takardar dokoki, shafi biyu. Ta kwana ita kaɗai har kwana bakwai. Banɗakinta daban, ta kora ruwa sau biyu. Kayan sawarta a wanke su daban. Kada ta daɗe kusa da kowa. Yara da masu ciki kuwa su yi nesa sosai. Shi ya sa tun shekaranjiya aka kai Afnan garin Lanham wurin Pauline, ƙawar uwarta ce, nas, 'yar Jos.

Muntaka injiniya ne, komai sai ya auna. Ya ɗauko awo ya auna ƙafa shida daga bakin gadonta, layin ya faɗo daidai bakin ƙofa, ya manna shuɗin salatif a ƙasa. Nan nake ajiye tire in ƙwanƙwasa in koma.

Gaskiya ban ji nauyin dokar ba. Na ma ce a raina, to wannan ai mai sauƙi ce.

Laraba, azahar

Amai. Ina ji ta bango. Ban shiga ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Gidan nan yana da wani ƙarfe a gindin bango mai ɗumama ɗaki. Kwanan nan sai ƙas, ƙas yake yi. Muntaka ya ce ƙarfe ne yake miƙewa in ya ji zafi. Na ce to. Amma me ya sa kafin Talata ban taɓa jin sa ba? Kuma me ya sa ya fi ƙarfi ta gefen ɗakinta?

Na sake ɗaukar takardar dokokin don in ga ranar da za a daina raba wanki. A ƙasan shafi na biyu akwai wani sakin layi da ƙananan harufa, Muntaka ya tsallake shi lokacin da yake karanta mini. Ya manta ni malama ce. Yana cewa idan wani abu ya faru cikin makonnin nan, a sanar da waɗanda za su taɓa jikin, akwai yadda za a yi, ba kowa zai sa hannu ba.

A unguwarmu ni ake kira in mace ta riga mu gidan gaskiya, in yi mata wanka. Shekara goma sha biyar ina yin wannan aikin saboda Allah. Na san nauyin kan mace in an tallafo shi a tafin hannu. Na san na mata fiye da ɗari. Nata ne ban sani ba.

Na ninke takardar na cusa ta ƙarƙashin firij. A'uzubillahi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da safe

Ruwa sau biyu. Shiru. Ruwa sau biyu. Da haka nake sanin ta tashi lafiya.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe uku

Pauline ta zo da gwaten acca a kula. Mace mai hayaniya, tun daga matakala nake jin ta. Ta durƙusa ta gaishe ni da Hausarta ta Jos: “Mama, sannu da jinya, yaya mai jiki?” Kafin in gama amsawa ta miƙe, ta tsallake salatif ɗin nan kamar ba ta gan shi ba, ta shige. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Ta ɗora mata hannu a goshi. Ta gyara mata filo. Ta ja mata kumatu tana cewa, “Ke, dubi yadda kika zama, sai ka ce kazar da ta sha ruwan sama.” Yarinyar nan ta yi dariya. Rabona da jin dariyarta tun bikin ƙanwarta.

Da Pauline ta fito na ja ta kicin na ce, “Ke 'yar nan, kin haukace? Ba ki ga layin ba?”

Ta ce, “Haba Mama. Dokar nan ta fi tsanani ne a kan yara da masu ciki. Ke da ni muna iya shiga, mu taɓa ta, mu ba ta ruwa. Kada dai a zauna manne da ita awa da awanni, kada a kwana gado ɗaya. Minti biyar, minti goma, ba abin da zai yi miki. Ba a gaya miki ba?”

An gaya mini. Yana cikin takardar, shafi na farko.

Na ce mata doka doka ce, ni ba na wasa da maganar likita. Ta dube ni ta ɗan jima, ta ce, “To, Mama.” Ta zuba gwaten ta kai mata da kanta.

Lahadi, 20 ga Oktoba, azahar

Ban shiga ba.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan magariba

Kwana bakwai sun cika. Muntaka ya ɓare salatif, Pauline ta dawo da Afnan. Yarinyar ta jefar da jaka ta ruga ta faɗa jikin uwarta, ta cusa kai a wuyanta tana shinshina ta. Uwar tana kiran sunanta, Afnan, Afnan, Afnan, sai ka ce za a ƙwace mata shi. 'Yar fari ce fa ita ma! A gaban mijinta, a gaban baƙuwa, a gabana. Da a gida ne da an yi da ita a bakin rijiya shekara guda.

Haka na ce a raina. Sannan na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Salatif ɗin ya bar ɗan danƙo a katako. In ka tsaya ta gefen taga kana ganin layin.

Alhamis, 24 ga Oktoba, hantsi

Na kai mata kunu. Sai da na ajiye tiren na ƙwanƙwasa na juya, sannan na tuna babu doka yanzu. Ƙafata ce ta tsaya da kanta, daidai wurin.

Ta ce daga ciki, “Na gode, Malama.”

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Ina yanka albasa a kicin, su biyu suna falo ita da Pauline. Ba leƙe nake ba, gidajen ƙasar nan ne ba su da bango na kirki. Pauline tana cewa satin nan na nesa-nesa shi ya fi ba mutane wahala, akwai wata majinyaciyarta da mijinta ya yi ta kuka. Sai na ji yarinyar nan ta ce, “Ai mu Malama ba ta sha wahala ba. Ta daɗe tana bin dokar nan kafin likitoci su rubuta ta.”

Ta yi 'yar dariya. Pauline ba ta yi ba.

Raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci. Saura kaɗan in fita da wuƙar a hannu in ce, ke, me kika sani? Ni na ƙirƙiro abin? Uwata haka ta yi wa yayana har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ta sonsa. Ina shekara goma sha tara, a gidan surukai, idanu ashirin a kaina. In na kalle ki sau biyu a ce ba ni da kunya. Rigar makarantarki ta farko wa ya ɗinka? Ni, da hannuna, na aika Bakori na ce Inna ta ce ita ta saya. Sakamakon jarrabawarki wa yake bin hedimasta a ɓoye ya gani? Ranar da za ki hau jirgi wa ya yi azumi uku?

Ban fita ba. Na gama yanka albasar, na yanka wata wadda ba a buƙata.

To amma ta yaya za ta sani? Duk na ɓoye su da kyau. An yabe ni a kan haka. Inna takan ce a gaban mata, “Kun ga surukata, ko tari ɗiyar nan ta yi ba ta ɗaga kai.” Ni kuma in sunkuyar da kai ina jin daɗi.

Litinin, 28 ga Oktoba, da safe

Ƙas, ƙas, ƙas. Na sa Muntaka ya kashe na'urar ɗumin gaba ɗaya. Muna zaune da rigunan sanyi. Ina ji har yanzu.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan magariba

Mutanen ƙasar nan ba su da tsoron Allah. Yau wai bikinsu ne na fatalwa. Maƙwabcinmu na ƙasa ya kafa kaburbura na roba a kan ciyawa, ya rataye ƙwarangwal a bishiya, iska tana kaɗa shi. Tun la'asar yara suke ƙwanƙwasa ƙofa cikin fararen mayafai suna karɓar alewa. Na buɗe sau ɗaya na ga wata 'yar mitsitsiya an nannaɗe ta da farin ƙyalle tun daga kai har ƙafa. Na rufe ƙofar da ƙarfi har Muntaka ya fito.

Afnan ta yi fushi don na hana ta fita. Tana zaune tana kumbure-kumbure, sai ta ɗago ta ce mini da Turanci, “Kaka, kin manta sunan Momi ne? In kin manta zan rubuta miki.” Ta kuwa rubuta, da jan fensir, ta manna mini a jikin madubi.

Ban cire ba. Ina kauce masa da ido in zan ɗaura ɗankwali.

Asabar, 2 ga Nuwamba, hantsi

Zan rubuta wannan don ba wanda zai karanta.

Akwai wani tafki a bayan unguwar nan, ana zagaya shi da ƙafa. Na sa rigar sanyin Muntaka na tafi ni kaɗai. Ganyaye duk sun zube, ba kowa sai agwagi. Na ce nan ba Funtuwa ba, ba Bakori ba, Inna ta yi shekara goma sha biyu a ƙasa, mijina bakwai. Wa zai ji? Bari in gwada.

Na tsaya na fuskanci ruwa. Gaɓar farko ta fito, iska ce kawai tsakanin leɓe. Sauran ya maƙale. Na sake. Na sake. Sai na ji kamar an tsaya a bayana, har da ƙamshin man kaɗanya da taba-gari irin na Inna. Ban juya ba. Na san ba kowa. Ban dai juya ba.

Wani tsoho Bature mai kare ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, addu'a nake yi.

Laraba, 6 ga Nuwamba, azahar

Fuskarta tana yin jawur ta sauka, ta sake yi. Cokali uku ta ci. Na ga wasu baƙaƙen tabo a damtsenta, ta ce bugewa ta yi. Da me? Ko fita ba ta yi.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe biyu da rabi

Sun tafi karɓar sakamakon jini da hoto tun safe. Ni da tagar falo. Na ga motar ta shigo, ta tsaya a wurinta. Ita ta fito ta taho a hankali tana dafa ƙarfen matakala. Shi bai fito ba. Ina kallon agogon bango: minti ashirin da biyar yana zaune, goshinsa a kan sitiyari.

Da ya hau ya gaishe ni kamar kullum. Na ce yaya? Ya ce, “Alhamdu lillahi, Hajiya. Sun ce jinin ya yi ƙasa, za a ɗan dakata da na huɗun.” Na ce hoton fa? Ya ce, “Wasu sun ragu.” Na ce sauran fa? Ya dubi takalminsa.

Litinin za a kwantar da ita. Wai don a ƙara mata jini a duba hantar. Ban tambayi kwana nawa ba, shi ma bai faɗa ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ruwa sau ɗaya yanzu. Tun tuni aka daina sau biyun, ni ce ban daina jiran na biyun ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan la'asar

Tana ta shirya takardu a kan gado. Ta kira Muntaka ta nuna masa lambobin sirri na waya da kwamfuta. Ta rubuta wa Afnan wasu wasiƙu ta sa a ambulan, kowanne da lamba a bayansa: 10, 13, 16, 18. Ina wucewa ta bakin ƙofa na gani.

Babu ambulan mai suna Malama. Na duba da ta shiga wanka. Allah ya yafe mini.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Wannan kam sai na rubuta shi.

Da hantsi ta ce wa Muntaka ya kai ta Lanham wurin mai kitso, ba ta son ta kwanta asibiti da kai a tsefe. Ta sa hijabi, ta kai bakin ƙofa, sai jiri ya ɗebe ta ta zauna a ƙasa. Ta ce a bari kawai. Muntaka ya ce zai kira Pauline. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ji kaina ina cewa, “Ke. Zo in kama miki.”

Dukansu suka dube ni. Muntaka, Allah ya yi masa albarka, ya ce Afnan ta zo su je sayen madara. Akwai madara galan biyu a firij.

Na zauna a kujera, ta zauna a ƙasa kan filo, ta jingina da gwiwoyina. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kitsa kan ƙannenta mata huɗu, na kitsa na 'yan makaranta, na kitsa na waɗanda ba za su ga kitson ba. Wannan kan ban taɓa sa masa kibiya ba. Gashin ya yi laushi, ya ragu, yana biyo mataji. Ina tattarawa ina cusawa a ƙarƙashin cinyata don kada ta gani. Na yi layi ɗaya, biyu, har biyar.

Da na tsaga na shida, ta bayan kunnen hagu, kibiya ta faɗa wani wuri. Tabo ne, tsohon tabo, tsawon ɗan yatsana, fari, da alamun ɗinki a gefe da gefe. Gashi bai fito a wurin ba.

Na ce, “Wannan fa?”

Ta ce, “Na mangwaron gidan Inna ne. Ina aji uku. Ɗinki bakwai aka yi.”

Na ce ba wanda ya gaya mini.

Sannan ta ce, “Kina nan ai, Malama. Ranar sunan ɗan Baba Umaru ne. Kina cikin rumfa da mata.”

Innalillahi. Na tuna. Na tuna rumfar, na tuna tuwon da ke gabana. An yi ihu a bayan gida, yara suka rugo suna cewa ta faɗo, ta faɗo. Mata suka miƙe. Ni ma gwiwata ta motsa, sai na ga ƙannen mijina sun zuba mini ido suna jira su gani. Na koma na zauna. Na kai loma baki. Daga baya aka ce mini ɗan ƙujewa ne, na ce to madalla, ban nemi in gani ba.

Ta ce, “Da aka ɗauko ni aka bi da ni ta gaban rumfar. Ina ganinki ta cikin jinin. Na ce Mama. Sau ɗaya ke nan da na taɓa gwadawa.” Muryarta ba fushi, kamar tana karanta lissafi. “Na ɗauka ba ki ji ba ne. Na daɗe ina gaya wa kaina hayaniya ce ta yi yawa.”

Da na so, da na bar ta a haka. Ta ma buɗe mini ƙofar.

Na ce, “Na ji.”

Ta ce, “Na sani.”

Na ajiye kibiyar. Na ɗora tafin hannuna a kan tabon, na rufe shi duka. Hawaye suna sauka a kan tsagar da na yi. Shekara talatin da uku na makara, kuma na sani, ita ma ta sani. Ina sonta. Na fi sonta a kan duk shidan, Allah shi ne shaida, kuma wannan ma ban faɗa ba.

Can ta ce, “Hannunki da sanyi.”

Na ce, “In ɗauke?”

Ta ce, “A'a.”

A haka barci ya ɗauke ta, kanta a cinyata. Ƙafata ta mutu, ban motsa ba har suka dawo da madararsu.

Litinin, 18 ga Nuwamba, azahar

An kwantar da ita. Hawa na bakwai, gado kusa da taga.

Kitson bai ƙare ba, layi biyar ne a gefe ɗaya, sauran a tsefe. Da safe na ce ta zauna in ƙarasa, minti ashirin ya isa. Ta ƙi. Da nas ta zo cire mata hijabi don a sa mata rigar asibiti, ta ga kan ta yi dariya, ta ce wace mai kitso ce ta gudu ta bar aiki rabi? Ta ce akwai wata a cikinsu da ta iya, za ta turo ta da yamma.

Yarinyar nan ta sa hannu ta kare kanta. Ta ce da Turanci, ba ta dube ni ba, “A'a, kada kowa ya taɓa. Uwata ce take yi. Ba ta gama ba.”